Tiyatar Buɗe Magudanan Ƙwaƙwalwa Don Magance Gigin Tsufa: Abin da Gwajin Dabbobi Ya Tabbatar da Abin da Ya Rage

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiya da malamai a Sinja, Jihar Sinnar, Sudan

Tsakure

Tun daga shekarar 2012 bincike yake ta nuna cewa ƙwaƙwalwa tana da hanyoyin da take tura dattinta zuwa kaluluwar wuya, kuma hanyoyin suna raunana idan tsufa ya kama. A kan haka ne wasu likitoci, musamman a ƙasar Sin, suka shiga yi wa masu cutar Alzaima tiyata a wuya, suna ɗinke magudanan limfa da jijiyar jini don dattin ya samu gajeriyar hanya. Wannan maƙala ta bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye da tumaki, ta rarrabe abin da suka tabbatar da abin da aka jingina musu. Ta gano cewa toshe magudanan yana tsananta cutar a jikin ɓera, ƙarfafa su kuma yana taimaka wa tsofaffin ɓeraye a wasu gwaje-gwajen, amma waɗannan biyun ba su isa hujjar sa wa dattijo wuƙa a wuya ba. Daga ƙarshe ta kawo tsarin gwajin da ya kamata a yi a kan tumaki, da matakan da al'ummar gaɓar Shuɗin Nilu za ta iya ɗauka tun yanzu.

1.0 Gabatarwa

 

Da wuya mutum ya zaga ƙauyukanmu, daga Mai Wurno zuwa Sinja har ya nausa kudu wajen Damazin, bai tarar da gidan da ake jinyar tsohon da hankalinsa ya fara gushewa ba. Ya ci abinci ya ce an hana shi, ya yi salla ya sake ta, ya kira jikarsa da sunan matarsa da ta daɗe da rasuwa, wata rana kuma ya fita ya kasa gane hanyar gida. Mukan ce gigin tsufa ne, mu bar ɗawainiyar a hannun mata, 'ya ko suruka, shekara da shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne suke fama da wannan lalura, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma kowace shekara ana samun sababbin kamu kusan miliyan 10. Cutar Alzaima ce take da kashi 60 zuwa 70 na wannan adadi. A ƙasar Hausa, binciken da Yusuf da abokan aikinsa suka yi a Zariya, wanda aka buga a 2011, ya samu lalurar a jikin kashi 2.79 cikin 100 na tsofaffi 322 da aka duba. Magungunan zamani guda biyu da Amurka ta amince da su, lekanemab a 2023 da donanemab a 2024, rage saurin cutar kawai suke yi, ba sa warkarwa, kuma farashin da aka sa wa lekanemab a 2023 dala 26,500 ne a shekara. Ba kuɗin da mai hawasha (gonar ban-ruwa) zai yi mafarkinsa ba ne.

A cikin wannan hali labarin tiyatar wuya ya ɓulla, da bidiyoyin tsofaffin da aka ce sun gane 'ya'yansu bayan an yi musu aiki. Mutanenmu sun saba sayar da kadara su kai iyayensu Masar ko Jodan ko Indiya neman lafiya, don haka ba da jimawa ba za a fara tambayarmu a kan wannan aiki. Ya wajaba mu san amsar kafin a zo.

2.0 Yadda Ƙwaƙwalwa Take Fitar da Dattinta

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita take cinye kusan kashi 20 na kuzarin da jiki yake ƙonawa. Gaɓar da take aiki haka dole ta tara datti. Sauran sassan jiki suna da magudanan limfa, siraran hanyoyi masu kwashe ruwan da ya tsatso tsakanin ƙwayoyin nama, su ratsa da shi ta kaluluwa a tace, su zuba shi cikin jini a gindin wuya. Idan suka toshe a ƙafa, shi ne ake samun tundurmi. An daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci cewa ƙwaƙwalwa ba ta da irin waɗannan hanyoyi, duk da cewa Paolo Mascagni, masanin ƙirar jiki a Italiya, ya bayyana su a tantaninta tun 1787.

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin wani ruwa garai-garai da ya kai mililita 150 a jikin babba. Jiki yana samar da kusan mililita 500 nasa kowace rana, wato ana sabunta shi sau uku ko fiye a yini da kwana. Tsohuwar fahimta ita ce ruwan yana komawa kai tsaye cikin manyan jijiyoyin jini na cikin ƙoƙon kai. Sai dai ayyukan Helen Cserr da Michael Bradbury a kan zomaye sun nuna cewa alamar da aka zuba a ƙwaƙwalwa takan ɓulla a limfar wuya. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar Miles Johnston ta Jami'ar Toronto a Kanada ta auna wannan a jikin tumaki, ta samu cewa kusan rabin ruwan ta hanyar limfa yake fita. A 2002 suka like ƙashin nan mai huji-huji da yake saman hanci, inda jijiyoyin shaƙar ƙamshi suke ratsawa, sai matsin ruwa a cikin kan tumakin ya tashi.

A 2012 Jeffrey Iliff da Maiken Nedergaard na Jami'ar Rochester suka nuna yadda ruwan yake shiga naman ƙwaƙwalwar ɓera ta gefen jijiyoyin jini, ya wanke tsakanin ƙwayoyi, ya fito. Ɓerayen da aka cire musu furotin ɗin da yake ba ruwa hanya, mai suna akwaforin-4, wankewar ta ragu a jikinsu da kusan kashi 70. Shekara ɗaya bayan nan wannan ƙungiya ta ba da rahoton cewa sararin da yake tsakanin ƙwayoyin yana ƙaruwa da kashi 60 lokacin barci. A 2015 kuma ƙungiyoyi biyu, ta Jonathan Kipnis a Jami'ar Bajiniya da ta Kari Alitalo a Jami'ar Helsinki, kowacce da aikinta, suka tabbatar da magudanan limfa na haƙiƙa a tantanin ƙwaƙwalwar ɓera, masu zubawa a kaluluwar can cikin wuya. A 2017 ƙungiyar Daniel Reich ta gan su a jikin mutane da birai da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki mai maganaɗisu. Ƙungiyar Gou Young Koh ta Koriya ta Kudu ta ƙara da gano muhimmancin magudanan gindin ƙoƙon kai a 2019, da wata mahaɗarsu a bayan hanci a 2024.

Alaƙar wannan da cutar Alzaima ita ce furotin biyu da suke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar, amiloid a tsakanin ƙwayoyi da tawu a cikinsu. A 2010 ƙungiyar Randall Bateman ta Jami'ar Washington da take Sent Luwis ta kwatanta masu cutar 12 da masu lafiya 12, ta samu cewa yawan amiloid ɗin da suke samarwa ɗaya ne, amma saurin fitar da shi ya ragu da kusan kashi 30 a jikin masu cutar. Matsalar ke nan tana wajen kwashewa, kuma daga nan tunanin gyara magudana ya samo tushe.

3.0 Abin da Aka Gani a Jikin Dabbobi

Ɓera ba ya kamuwa da cutar Alzaima da kansa. Masu bincike ne suke dasa masa ƙwayoyin gado da aka samo daga zuri'o'in mutanen da suke gadon cutar tun suna da sauran ƙarfi. Wanda aka fi amfani da shi, mai laƙabin 5xFAD, an samar da shi a Jami'ar Northwestern a 2006, yana ɗauke da tawayar gado biyar, kuma amiloid yana fara taruwa masa tun yana wata biyu. Ana auna tunawarsa ta sa shi iyo a cikin kwatarniyar ruwa mai gurɓi, a ga ko zai tuna inda aka ɓoye masa wurin tsayawa.

3.1 Idan Aka Toshe

A 2018 Sandro Da Mesquita da Kipnis suka zuba wa ɓeraye wani magani mai suna batefofin, suka haska masa haske ta ƙoƙon kai, ya kashe magudanan tantanin. Ɓeraye masu lafiya sai koyonsu ya ja baya, su kuwa 5xFAD sai amiloid ya ƙara taruwa musu a tantanin da kuma sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tunawa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Likitanci ta Nanjin suka bi ta tiyata: suka ɗaure magudanan da suke shiga kaluluwar cikin wuya a jikin wani nau'in ɓera mai tara amiloid. Sakamakon shi ne ƙarin amiloid, ƙarin kumburi, lalacewar mahaɗan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da taɓarɓarewar tunawa. A wannan shekarar dai aka nuna cewa ɓerayen da aka haifa ba su da magudanan tantani suna jinkirin fitar da tawu. A 2021 Da Mesquita ya sake nuna cewa allurar da take kwashe amiloid ba ta aiki sosai a jikin ɓeran da aka lalata wa magudana.

3.2 Idan Aka Ƙarfafa

A aikin nan na 2018 an ba tsofaffin ɓeraye wani furotin mai sa magudanan limfa su bunƙasa, VEGF-C, sai magudanan suka faɗaɗa, ruwa ya ƙara gudu, koyo ya gyaru. A 2024 ƙungiyar Rochester ta auna magudanan wuya kai tsaye, ta samu cewa gudun ruwa a jikin tsofaffin ɓeraye ya ragu da kashi 63, saboda bugun magudanan ya yi sanyi kuma 'yan murafun da suke hana ruwa komawa baya sun saki. Da suka shafa musu furostagilandin, sinadarin da ungozomomin asibiti suka sani wajen tayar da naƙuda, sai gudun ya koma kamar na matasa. A watan Yunin 2025 ƙungiyar Koh ta buga a mujallar Nature cewa tausa mai awo da wata 'yar na'ura a fatar fuska da wuya ta ninka fitar ruwan a jikin ɓeraye.

Ina roƙon mahalarta su riƙe abu ɗaya a nan. Duka ukun nan gyara suke yi wa magudanan da Allah Ya halitta, su ƙara musu faɗi ko ƙarfin bugu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya yanke magudana ya ɗinke ta da jijiyar jini.

3.3 Inda Aka Samu Saɓani

Ba duk bincike ne ya tafi a kan layi ɗaya ba. A 2024 Salli Antila da Alitalo, wanda yake cikin waɗanda suka gano magudanan tun farko, suka buga cewa shanyar da magudanan tantani na dogon lokaci, ko faɗaɗa su, bai canza yawan amiloid a ƙwaƙwalwar ɓerayensu ba. Wannan yana nuna cewa ƙwaƙwalwa tana da wasu ƙofofin: amiloid yana ƙetarawa cikin jini ta bangon ƙananan jijiyoyi, wasu sinadarai suna narkar da shi, wasu ƙwayoyin tsaro kuma suna haɗiye shi. A 2024 ɗin dai ƙungiyar Nicholas Franks ta Kwalejin Imperial a Landan ta ba da rahoton cewa a awonta wankewar raguwa take yi lokacin barci, akasin abin da aka buga a 2013. Har yau masana suna ja-in-ja a kan hanyoyin awon. Fagen da manyansa ba su daidaita a kan tushensa ba, bai kai a gina tiyata a kansa a sayar wa jama'a ba.

4.0 Tiyatar Kanta

Ɗinke magudanar limfa da jijiyar jini tsohon aiki ne a wajen masu kumburin hannu ko ƙafa, musamman matan da aka cire wa kaluluwar hammata saboda sankarar mama. Isao Koshima na Japan ya kai aikin matsayin da ake ɗinke hanyoyin da faɗinsu bai kai milimita ɗaya ba, a ƙarƙashin madubin tiyata, da zaren da ya fi gashi siranta. A can dalilin a fili yake: hanya ta toshe, ruwa ya taru, matsinsa ya tashi, sai a buɗe masa mafita.

Likitoci a ƙasar Sin, da Xie Qingping na birnin Hangzhou a sahun gaba, suka ɗauko wannan dabara suka kai ta wuya. Akan tsaga gefen wuya, a nemo magudana ko kaluluwar da take kusa da babbar jijiyar jini, a haɗa ta da wani reshen jijiya. A 2024 wasu likitocin Shanghai suka buga rahoton mutum ɗaya da suka ce ya samu sauƙi makonni biyar bayan aikin. Rahotannin da suka biyo baya galibi na mutane kaɗan ne, na ɗan gajeren lokaci, ba tare da rukunin da za a kwatanta da shi ba. Duk da haka aikin ya bazu a asibitoci masu yawa, iyalai suna biya.

A watan Yulin 2025 Hukumar Lafiya ta Ƙasar Sin ta haramta yin wannan tiyata a matsayin maganin cutar Alzaima. Dalilinta shi ne babu ingantacciyar shaidar amfani ko ta aminci, kuma ba a fayyace wanda aikin ya dace da shi ba. Ta bar ƙofar bincike a buɗe, bisa sharaɗin a fara samun isassun hujjoji na kafin gwajin mutane, a kuma bi ta kwamitocin ɗa'ar bincike. Ƙasar da aikin ya fito daga cikinta ce da kanta ta ce an tsallake matakin dabbobi.

5.0 Dalilan Taka-tsantsan

Na farko, cutar da toshewa take jawowa ba ta nuna cewa ƙarin buɗewa zai warkar. Wanda aka shaƙe zai mutu, amma faɗaɗa maƙogwaro ba ya maganin tarin fuka. Gwajin Nanjin ya nuna cewa magudanan wuya suna da amfani, bai nuna cewa su ne suka toshe a jikin mai cutar Alzaima ba.

Na biyu, ruwa ba ya barin wuri sai zuwa inda matsi ya fi ƙasa. A ƙafar mai tundurmi matsin limfa ya fi na jijiya, shi ya sa mahaɗar take aiki. A wuya, matsin jijiya yana canzawa idan mutum ya tsaya, ko ya kwanta, ko ya yi tari, ko ya yi sujada. Idan matsin jini ya rinjaya, jini zai iya komawa cikin magudanar, ya daskare, mahaɗar ta toshe. Kuma magudanan wuya da ma can a jijiyar gindin wuya suke zubawa, tiyatar gajarta tafiyar kawai take yi da 'yan santimita.

Na uku, ina toshewar take? Duk wanda ya yi noma a Gezira ya san cewa idan taɓo da ciyawa suka cika Abu Sitta, ƙaramar magudanar cikin hawasha, yashe tur'a, wato babbar magudanar, ba ya sa ruwa ya gudana. Idan raunin yana cikin naman ƙwaƙwalwa, ko a tantani, ko a ƙashin saman hanci, aiki a wuya ba zai kai gare shi ba.

Na huɗu, ɓera ba dattijo ba ne. Ƙwaƙwalwarsa ba ta kai rabin giram ba, ta mutum kuwa tana kusan giram 1,400. Yana tafiya da ƙafa huɗu, kansa da zuciyarsa a jere. Rayuwarsa shekara biyu ce zuwa uku, alhali amiloid yana taruwa a kan mutum shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta bayyana. Irin cutar gadon da ake dasa masa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu Alzaima ba. Shi kuwa tsohonmu yakan zo da hawan jini, da ciwon sukari, da tabon ƙananan shanyewar da ba a lura da su ba, kuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa dawowa don an buɗe magudana.

Na biyar, tarihi ya isa ishara. Allurar rigakafin amiloid da ta wanke ƙwaƙwalwar ɓeraye a 1999, da aka kai ta ga mutane sai aka dakatar da gwajin a 2002, domin kashi 6 cikin 100 sun samu kumburin ƙwaƙwalwa, kuma daga baya aka ga wasu da amiloid ya kau amma giginsu ya ci gaba har mutuwa. Nazarin Jeffrey Cummings ya nuna cewa kashi 99.6 na magungunan Alzaima da aka gwada tsakanin 2002 da 2012 sun faɗi. Akwai ma wanda ya fi kusa da batunmu: an taɓa dasa wa masu Alzaima bututun da yake janye ruwan ƙwaƙwalwa zuwa ciki, da wannan niyya ta wanke datti. Gwajin farko na mutane kaɗan ya ba da fata, amma da aka yi babba da mutum 215, wanda aka buga a 2008, sai aka tsayar da shi don babu amfani. Haka a 1959 Leonard Cobb ya gwada wata tiyatar ciwon ƙirji da ta yi tashe, ya tsaga fatar wasu marasa lafiya ya ɗinke ba tare da ya yi aikin ba, sai suka ba da labarin sauƙi daidai da waɗanda aka yi wa na gaske. Iyalin da suka kashe dukiya suka kwana a kan fata, ido zai nuna musu sauƙi ko babu shi, kuma mai gigin tsufa da ma yana da ranakun da hankalinsa yake ɗan dawowa.

Na shida, aikin yana da haɗari. Wuya mahaɗar manyan jijiyoyi ce, na jini da na motsi. Maganin sa barci da zaman asibiti sukan jefa mai gigin tsufa cikin ruɗewa mai tsanani, wani ba ya komawa yadda yake. Sannan mai cutar ba shi da cikakken hankalin da zai ce ya yarda, wasu ne suke sa hannu a madadinsa. Wannan amana ce mai nauyi.

6.0 Gwajin da Ya Kamata a Yi

Ban kawo waɗannan dalilai don a binne tunanin ba. Tunani ne mai tushe, kuma idan ya tabbata zai amfani miliyoyi. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma dabbar da ta fi dacewa da wannan gwaji ita ce tunkiya. Magudanan wuyan ɓera sirara ne ƙwarai, ɗinke su aiki ne mai wuyar gaske, auna abin da ya bi ta mahaɗar ya fi wuya. Na tunkiya kuwa ana iya sa musu bututu a tara ruwan a auna, kamar yadda aka yi a Toronto. Ƙwaƙwalwarta ta haura giram 100, tana da lanƙwashe-lanƙwashe irin na mutum. Tana rayuwa fiye da shekara goma. Masu bincike a Okland ta Niyu Zilan sun ba da rahoto a 2017 cewa ana samun alamun amiloid da tawu a ƙwaƙwalwar tsofaffin tumaki. Tana da tunawar da za a iya aunawa: Keith Kendrick ya nuna a 2001 cewa tunkiya tana riƙe fuskokin 'yan'uwanta 50 har fiye da shekara biyu.

Gwajin ya tsaya a kan waɗannan sharuɗɗa:

1. A yi amfani da tsofaffin dabbobi, maza da mata, a raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a.
2. A samu rukunin da za a sa wa barci, a tsaga wuya, a ɗinke, ba tare da haɗa komai ba.
3. Mai auna sakamako kada ya san rukunin da dabba take.
4. A auna gudun ruwa da matsinsa kafin aiki da bayansa, dabba tana tsaye da tana kwance.
5. A duba ko mahaɗar tana nan a buɗe bayan wata ɗaya, wata shida da shekara, da ko jini yana komawa baya.
6. A rubuta tsarin a ajiye kafin a fara, a kuma buga sakamakon ko da bai yi daɗi ba.
7. A kyautata wa dabbar, a kashe mata zafi, a taƙaita adadin ga abin da lissafi ya wajabta, kamar yadda addininmu da ƙa'idar bincike suka yi umarni.

Irin wannan aiki bai fi ƙarfin yankinmu ba idan aka haɗa hannu. Muna da tumakin Watish a nan gaɓar kogi, da Dubasi da Ashgar a Gezira. Muna da Tashar Binciken Dabbobi ta Umm Banain a kudu da wannan gari, da Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Khartum a Shambat, da Jami'ar Gezira da ta Sinnar. 'Yan'uwanmu na yamma suna da tsangayoyin likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Sakkwato. Yaƙin da ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023 ya taɓa cibiyoyinmu ƙwarai, Wad Madani ta fita hannun gwamnati daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025, Sinja kuma daga ƙarshen Yunin 2024 zuwa Nuwamban shekarar. To amma lokacin sake gini shi ne lokacin zaɓar abin da za a gina.

Akwai kuma binciken da ba ya bukatar wuƙa. Muna da mutanen da aka cire wa kaluluwar wuya saboda sankara, irin waɗanda Cibiyar Sankara ta Wad Madani take kula da su, da waɗanda tarin fuka ya lalata musu ita. Bibiyar tunawarsu na tsawon shekaru, da yardarsu, za ta ba duniya haske a kan matsayin magudanan wuya a jikin ɗan Adam.

7.0 Abin da Yake Hannunmu Yau

Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda, idan aka magance su, za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, raunin ji, raunin gani, shan taba, buguwar kai, kaɗaici da ƙarancin karatu. Daga ƙasar Sin ɗin dai aka samu shaida mai ƙarfi a 2025: a gwajin da ya ƙunshi mutum 33,995 a ƙauyuka 326, ma'aikatan lafiyar ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, sun sauke hawan jinin jama'a da magunguna masu araha, kuma cikin shekara huɗu kamuwa da gigin tsufa ya ragu da kashi 15. Wannan aiki ne da ɗakin shan magani na kowane ƙauyenmu zai iya yi.

Sannan ba kowane ruɗewar tsoho ne Alzaima ba. Taruwar ruwa a ramukan ƙwaƙwalwa, wadda Salomon Hakim ya bayyana a 1965, tana zuwa da jan ƙafa, da sakin fitsari, da mantuwa, kuma bututu yana taimaka wa masu ita da yawa. Jinin da ya kwanta a ƙarƙashin tantani bayan faɗuwa ana fitar da shi ta ɗan huji, mutum ya dawo hayyacinsa. Raunin maƙoƙo, ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa, zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara duk sukan rikita tsoho, kuma duk suna da magani. Tsofaffin da gudun hijira ya raba da ɗakinsu da maƙwabtansu sun fi kowa bukatar a duba su da wannan ido.

Marigayi Tijani al-Mahi, jagoran likitocin ƙwaƙwalwa na wannan ƙasa, ya koya mana aiki tare da malaman addini, domin wurinsu iyali suke fara zuwa. Limamai da malaman makarantun allo su ne za su isar da cewa wannan lalura ciwo ce, ba maita ko sammu ba, kuma mai ita yana da haƙƙin a kai shi asibiti.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa magudanan limfa na ƙwaƙwalwa gaskiya ne, suna raunana da tsufa, kuma lalata su yana cutar da ɓera a yawancin gwaje-gwaje. Ta nuna cewa hanyoyin da suka gyara gudun ruwa a jikin dabbobi magunguna ne da tausa, ba ɗinke magudana da jijiya ba, kuma tiyatar ta isa wuyan mutane kafin ta cika sharuɗɗan gwaji, har hukumar ƙasar da ta fito ta hana ta. Matsayina shi ne tiyata ce ta ɗakin bincike, ba ta asibiti ba tukuna.

Ina kira ga likitocinmu, idan iyali suka zo da wannan tambaya, su gaya musu gaskiya cikin tausasawa, kada wani ya sayar da hawasha ko garke saboda ita. Ina kira ga jami'o'inmu da na ƙasar Hausa su haɗa kai su tsara gwajin tumaki. Ina kira ga hukumomin lafiya na Jihar Sinnar su sa awon hawan jini da duba ido da kunnen tsofaffi a sahun farko na sake gina asibitocin karkara. Iyayenmu sun ɗauke mu tun ba mu san komai ba, haƙƙinsu ne a kanmu kada mu miƙa wuyansu ga aikin da ba a tabbatar ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.